Ruwan Zafi a Hunturu: Jagorar Rage Kuɗin Itace da Gas a Gidajen Boɗinga da Shagari

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, dafa ruwan wanka yakan zama ɗaya daga cikin manyan kafofin da kuɗin magidanci ke zurarewa a ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari. Ba kasafai ake ware masa lissafi ba, domin itacen da ake turawa ƙarƙashin tukunyar wanka daga dami ɗaya ake zaro shi da na tuwon dare. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dakon itace da gawayi ya tashi, gas ya ƙara tsada, dajin da ake saro itacen kuma yana ta ja da baya, a jihar Sakkwato da ke cikin jihohi 11 na Arewa da hamada ke yi wa barazana. A ɗaya ɓangaren, wannan yanki da ke kusa da digiri 13 a arewa da layin da ya raba duniya biyu yana samun zafin rana mai yawan gaske ko da a tsakiyar sanyi. Matsalar ita ce saɓanin lokaci, domin rana tana ba da zafinta tsakanin hantsi da la'asar, mutane kuwa da asuba suke neman ruwan ɗumi, don alwala da shirya yara zuwa makaranta. Duk dabarar da za ta rage kuɗi a nan dole ta iya riƙe zafin la'asar har gari ya waye, kuma a kan haka ne ya kamata a auna kowace na'ura da kowace shawara.

Lissafin da ya kamata a fara da shi

Ana auna makamashi da kilowat-awa, wato abin da masu mitar wutar lantarki ke kira yunit, kuma ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin kashi 1.16 cikin 1,000 na yunit ɗaya. Bokiti mai lita 20 da ya kwana a tsakar gida ya sauka zuwa digiri 20 yana buƙatar kusan rabin yunit kafin ya kai digiri 40, wanda shi ne ɗumin da jiki ke jin daɗinsa a wanka. Wannan rabin yunit ba ya canzawa ko da me aka dafa ruwan. Abin da ke canzawa shi ne yawan zafin da ke salwanta kafin ya shiga tukunya.

Busasshen itace mai nauyin kilo ɗaya yana ɗauke da sama da yunit 4, amma murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kaɗai yake isarwa ga ruwan, sauran kuwa iska ke kwashe shi ta gefe, ƙasa da duwatsu su shanye wani, wani ya tafi a hayaƙi. Saboda haka kowane bokiti yana cinye kusan kilo ɗaya na itace, gidan da ke da mutum 10 yana ƙona kilo 9 ko 10 kowace safiya, wanda a kwanaki 100 na sanyi ya doshi tan guda. Gas ya fi iya kai zafi inda ake so, domin kilo ɗaya yana ɗauke da kusan yunit 13 kuma fiye da rabinsa yana shiga tukunya, amma duk da haka silinda mai kilo 12.5 ba za ta wuce kwanaki 18 zuwa 19 ba a irin wannan gida ko da ba a dafa abinci da ita ba. Hitar lantarki da ake tsomawa a bokiti kusan duk zafinta a ruwan yake ƙarewa, sai dai gidan zai ci yunit 150 a wata, kuma tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin da masu amfani da wuta na rukunin A ke biya zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilu na 2024, an ga inda farashin wuta ya dosa, ko da yake yawancin garuruwan karkara ba a wannan rukuni suke ba. Mafi muni a duk hanyoyin shi ne jona hita a janareta, domin ƙaramin janareta bai cika mayar da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin fetur zuwa wuta ba.

Magidancin da ke son sanin gaskiyar abin da yake kashewa zai iya ware itacen ruwan wanka daga na girki har tsawon mako biyu, ya rubuta kuɗinsa, ya ninka zuwa watanni huɗu. Wannan adadi ne zai nuna masa ko wace na'ura ta cancanci saye, domin idan aka raba kuɗin na'urar da abin da za ta tsimar a shekara, za a ga yawan shekarun da za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta.

Gyaran da ba ya cin ko kwabo

Akwai asarar da ake iya toshewa tun kafin a sayi komai. Ta farko ita ce barin ruwa yana ta tafasa bayan ya riga ya yi zafi, domin mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin sama da kashi 60 cikin 100 na yunit, wato fiye da abin da ake buƙata don ɗumama bokiti guda cur. Tukunyar da aka bari a buɗe tana ɓararraka yayin da uwargida ke wani aikin, itacen wankan mutum ɗaya ko biyu take aikawa sama. Marfi mai rufewa sosai da sauke tukunya da zarar ta yi sun isa maganin wannan. Lita 5 na tafasasshen ruwa a kan lita 15 na mai sanyin digiri 20 suna ba da bokiti mai digiri 40, don haka babu dalilin tafasa babbar tukunya don mutum biyu.

Ta biyu ta shafi inda ake ɗebo ruwan. Ruwan randa an yi shi ne don ya yi sanyi, domin jikin randa yana tsatsafo da ruwa, iska tana busar da shi tana tafiya da zafin, saboda haka shi ne mafi tsadar ruwan da za a ɗora a wuta. Ruwan rijiya ko na burtsatse da aka ɗebo yanzu yana fitowa da ɗumin ƙasa, wanda a wannan yanki yake kusa da digiri 30 a kowane lokaci na shekara, shi ya sa duk wanda ya taɓa jan guga da sanyin safiya ya san ruwan ya fi iskar da ke kaɗawa ɗumi. Wanda ya fara da wannan ruwa ya rage rabin aikin wuta tun bai kunna ashana ba.

Sai murhun kansa. Kewaye duwatsun da katangar laka wadda ta rungumi gindin tukunya, aka bar ƙofa ɗaya ta tura itace da ɗan tsakani kamar faɗin yatsa tsakanin laka da tukunya don harshen wuta ya bi jikinta ya hau, yana rage cin itace sosai. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi tun shekarun 1980 a kan wannan ƙa'ida, kuma maƙerin da ya ga samfuri sau ɗaya zai iya bugo shi. Itacen ya zama busasshe, a faskara shi ƙanana, a kuma tare iskar hunturu daga gabas da ɗan zana ko bango.

Daga baƙar jarka zuwa duro a cikin akwati

Rana tana zubo yunit 5 zuwa 6 na zafi a kan kowane murabba'in mita na ƙasar Sakkwato a matsakaiciyar rana, kuma mazauna gidajen da ke da baƙin tankin roba a sama sun san ƙarfin wannan zafi, domin a watan Afrilu ruwan famfonsu yakan gagari wanka da azahar. Hanya mafi sauƙi ta cin moriyarsa ita ce a cika baƙar jarka, ko wadda aka shafa wa baƙin fenti, a kwantar da ita a kan katako a wurin da iska ba ta bugu, a lulluɓe ta da farar leda mai haske wadda ba ta manne da jikinta ba, sannan da la'asar sakaliya a ɗauke ta zuwa ɗaki a sa ta cikin kwando ko kwali da aka cika da ƙaiƙayin gero, ɓuntun shinkafa ko tsofaffin barguna, a rufe ta ruf ta kowane gefe. Aikin wannan kwando daidai yake da na kular abinci, wato iskar da ta maƙale a tsakanin ƙaiƙayin ita ce ke hana zafi fita. Idan ruwan ya wayi gari a digiri 35 maimakon 20, aikin da ya rage wa wuta ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Gidan da ke da jama'a yana buƙatar abin da ya fi jarka, kuma a nan ne duro a cikin akwati mai gilashi ya fi dacewa da halin yawancin gidajen garuruwan yankin irin su Sifawa, Dingyaɗi, Kajiji ko Dandin Mahe, domin ba ya buƙatar famfo ko lantarki, kuma mai walda da kafinta na gari za su iya haɗa shi. Ba sabon abu ba ne a duniya: na'urar farko da aka sayar a kasuwa don ɗumama ruwa da rana, wadda Clarence Kemp ya yi wa rajista a Amurka a 1891, tankunan ƙarfe ne baƙaƙe a cikin akwati mai murfin gilashi. Raunin da aka gano a cikinta tun wancan zamani shi ne ruwan yana hucewa da dare, kuma shi ne abin da mai ginawa a yau zai fi ba da hankalinsa a kai.

Ana farawa da zaɓen tanki. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar babban duro mai lita 200 a sa shi a ƙarƙashin ƙaramin gilashi, sai ruwan ya tashi da ɗan ɗumi kawai, mai gida ya yanke hukuncin cewa abin ba ya aiki. Ƙa'idar ita ce kowane murabba'in mita na gilashi ya ɗauki lita 50 zuwa 70 na ruwa. Tanki mai lita 100 a ƙarƙashin gilashi mai murabba'in mita 2, ko da kashi 40 cikin 100 na zafin ranar kaɗai ya kama, zai ɗaga ruwan da fiye da digiri 30, kuma irin wannan ruwa idan aka sirka shi da na sanyi zai isa wankan mutum 8 zuwa 10. Tankuna biyu sirara da aka jera sun fi guda ɗaya mai kauri saurin ɗaukar zafi. Tankin ya zama na ƙarfe mai rufin da ke hana tsatsa, kuma kada a kuskura a yi amfani da duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, man inji ko wani sinadarin da ba a san asalinsa ba, domin wanki ba ya fitar da irin wannan guba, zafi kuwa yana tayar da ita. A kankare bayansa a shafa baƙin fenti marar ƙyalli, shafi biyu marasa kauri.

Akwatin kuwa bango biyu ake yi masa, na ciki da na waje, da tazarar santimita 10 a tsakani wadda za a cusa wa ɓuntun shinkafa, garin katako ko audugar rimi, har da ƙasan akwatin, domin ta nan ma zafi yana gudu. Sharaɗin wannan cushe shi ne ya zama busasshe ƙarau kuma ya dawwama a haka, saboda jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya tsare zafi, yana kuma gayyato gara da ruɓa. Farin soson da ke zuwa a kwalin firiji yana da kyau a bangon waje, amma ba a sa shi dab da tanki, domin yana motsewa idan zafi ya doshi digiri 80, kuma cikin akwatin yana iya wuce haka a ranar da tankin ba shi da ruwa. Bangon ciki a lulluɓe shi da fallen alminiyam mai ƙyalli don ya mayar da haske kan tankin. Gilashin taga mai kaurin milimita 4 ya isa, a zaunar da shi a kan roba, a bar masa ɗan sarari na motsi saboda yana buɗewa idan ya ji zafi, a toshe gefensa yadda iska ba za ta shiga ba. Amfanin gilashin shi ne yana barin hasken rana ya shiga amma yana tare zafin da baƙin ƙarfen ke mayarwa, yana kuma hana iskar hunturu shafar tankin.

Muhimmin ɓangaren da bai kamata a yi masa rowa ba shi ne marfin dare, wato faifan katako mai cushe a ciki, wanda aka ɗaura da hinji a gefen arewa na akwatin. Da rana ana buɗe shi a tokare, fuskarsa ta ciki mai ƙyalli tana ƙara turo haske cikin akwatin, da la'asar kuma, kafin inuwa ta hau gilashin, a rufe shi ya danne sosai. Ta gilashi ne mafi yawan zafi ke ficewa da dare, musamman a daren hunturu da sama ke tas babu gajimare. Akwatin da aka manta ba a rufe ba zai wayi gari da ruwa mai sanyi, wanda aka rufe kuwa, ko da ya sauka da digiri 10 ko 15, zai ba da ruwan wanka ba tare da an hura wuta ba. Ya kamata a ɗora wa mutum ɗaya a gidan alhakin buɗewa da rufewa, a haɗa shi da wani aiki da ba a mantawa, kamar dawowa daga sallar La'asar.

Wajen girkewa, gilashin kudu zai fuskanta, domin a watannin sanyi rana ta kudu take karkata, har a ƙarshen Disamba takan yi nisan kimanin digiri 36 daga tsakiyar sama da tsakar rana. Hanyar gane kudu ita ce a kafa sanda a miƙe, a lura da inuwarta a lokacin da ta fi gajarta gab da azahar, wannan inuwa arewa take nunawa a hunturu. A jingina gilashin da kimanin digiri 25, wato a kowace mita ɗaya ta tsawonsa gefen arewa ya ɗara na kudu tsayi da santimita 42. A duba kada inuwar dogon yaro, rumbu ko katanga ta faɗa masa tsakanin ƙarfe 9 na safe da 4 na yamma. Lita 100 na ruwa kilo 100 ne, ban da ƙarfe da katako da gilashi, don haka ba a ɗora shi a kan soron ƙasa mai azara ko rufin kwanon da ba a yi shi don kaya ba. Dandamalin bulo mai tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashin famfonsa, a kusa da makewayi, ya fi aminci, ya kuma fi sauƙin goge gilashi.

Bututu uku tankin ke buƙata. Na shigar da ruwan sanyi ya sauka har gindin tanki, na fitar da mai zafi ya tashi daga sama, domin ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, kullum a sama yake taruwa, sai kuma siririn bututu a can ƙoli wanda za a bari a buɗe har abada don tururi ya samu mafita. Tankin da aka toshe ta ko'ina aka bar shi a rana yana iya kumbura ya fashe. A gidan da ba famfo, ana iya sa kan famfo ɗaya a gindi, a juye ruwan da asuba, a sake cika tankin da mazurari kafin hantsi. Farin bututun roba na ruwan sanyi yana laushi idan zafi ya kai digiri 60, saboda haka a nemi na ƙarfe ko koren bututun da aka yi don ruwan zafi, a naɗe duk inda ya fito waje da soso ko tsumma, a kuma gajarta shi iyakar iko.

Na'urar kasuwa da wanda ta dace da shi

Na'urorin da ake sayarwa sun raba wurin kama zafi da wurin ajiye shi, dabarar da William Bailey ya fito da ita a Kaliforniya a 1909. Akwai faranti baƙi mai bututun jan ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, ko jerin bututun gilashi masu bango biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, sannan tanki mai kaurin rufi a samansu. Ruwan da ya ɗumama a farantin yana hawa tanki da kansa, mai sanyi yana saukowa ya maye gurbinsa, haka zai yi ta zagayawa ba tare da injin turawa ba muddin rana na sama. Sharaɗin wannan zagaye shi ne gindin tanki ya ɗara saman faranti da aƙalla santimita 30 kuma bututun ya riƙa hawa ba tare da lanƙwasa ƙasa ba, in ba haka ba da dare ruwan zai juya baya ya huce. Irin mai bututun gilashi, wadda ƙasar Sin ta fi kowa ƙerawa da amfani da ita, ta fi riƙe zafi, amma tana fashewa idan aka zuba ruwan sanyi alhali bututun sun yini a rana babu ruwa, don haka da sassafe ko da dare ake cika ta.

Wannan na'ura ta fi duro a akwati inganci nesa ba kusa ba, amma tsadarta ta sa ba kowane gida ya kamata ya saye ta ba. A Turai ana buƙatar ruwan zafi duk shekara, a Boɗinga da Shagari kuwa watanni uku zuwa huɗu ne, sai 'yan kwanakin sanyin damina, saboda haka na'urar tana daɗewa kafin ta mayar da kuɗinta. Inda ta fi biya shi ne wuraren da buƙata ba ta yankewa: ɗakin haihuwa a asibitocin karkara, makarantun kwana, tsangayu masu almajirai da yawa, gidajen wanka na kasuwa da tasha, da manyan gidajen gandu. Akwai kuma na'urar lantarki da ke zuƙo zafi daga iska ta zuba a ruwa, wadda ke ba da zafin yunit 3 a kan kowane yunit 1 da ta ci, sai dai tana son wutar da ba ta yankewa da ƙwararren mai gyara a kusa. Jona hita a farantan sola masu ba da lantarki ma asara ce idan an saye su don haka kaɗai, domin kusan kashi 20 cikin 100 na hasken rana suke mayarwa wuta, alhali baƙin faranti yana kama ninki biyu na hakan.

Gidan da ake jego yana da matsayi na daban a wannan lissafi, domin al'adar wankan jego safe da yamma har kwana 40 tana cin itace fiye da kowane aiki na gida, kuma a wuyan maigida yake. Ruwan da rana ta ɗumama yana iya ɗaukar wankan yamma gaba ɗaya, na safe kuma ya rage masa wuta. Akwai kuma batun lafiya da ya fi na kuɗi nauyi: tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafin wankan jego, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumin da hannu ke iya jurewa ya wadatar da mai jego wajen tsafta da jin daɗin jiki, kuma iyaye mata da ungozoma su ne suka fi kowa ikon sauya wannan.

Kula da na'ura da kiyaye lafiya

Ƙurar hunturu tana sauka a gilashi kullum tana rage hasken da ke shiga, don haka a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin ya yi zafi, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana tsaga shi. A ƙarƙashin sassa da dama na ƙasar Sakkwato akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, shi ya sa ruwan wasu rijiyoyi ke barin farin ɓawo a gindin buta. Wannan ɓawo yana taruwa a tanki da bututu yana toshe su, kuma ana narkar da shi da ruwan tsami kamar na lemun tsami ko jiƙon tsamiya sau ɗaya a shekara, a ɗauraye sosai. Idan bazara ta shigo aka daina amfani da na'urar, a juye ruwan a rufe gilashin da marfinsa ko tabarma, kafin damina kuma a duba duk kafar da ruwan sama zai bi ya jiƙa cushen.

Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro kuwa ta fi saurin ƙonewa, saboda haka a fara zuba na sanyi a bokiti kafin na zafi, a kuma sa kan famfon inda hannun yara ba ya kaiwa. Ruwan da ya daɗe a tanki yana ɗumi-ɗumi tsakanin digiri 20 da 45 yana iya renon ƙwayoyin cuta, don haka ba na sha ba ne sai an tafasa, kuma idan ya kwana biyu ba a taɓa shi ba a zubar a sake. Wanda ke amfani da hitar bokiti kada ya sa hannu a ruwan sai ya zare ta daga soket, kada kuma ya bar ta a kunne ya fita. Gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa don ɗumama ruwa ko jiki yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashe mutum a cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara da ke zaune a bakin murhu ne suka fi shaƙar hayaƙin.

Ilimin wannan sana'a yana nan kusa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta shafe shekaru tun daga shekarun 1980 tana ƙera na'urorin ɗumama ruwa da busar da amfanin gona da rana, da murhunan tattalin itace, a tsallaken iyaka kuma Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na Nijar daga 1969, inda aka riƙa ƙera irin waɗannan na'urori a cikin gida. Abin da ya yi ƙaranci shi ne isar wannan ilimi hannun mai walda da kafinta na bakin titin Sakkwato zuwa Jega, wanda ya ratsa Boɗinga da Shagari. Ya dace majalisun ƙananan hukumomin biyu su nemi cibiyar ta horar da masu sana'a kaɗan daga kowace gunduma, su kuma girka samfuri a asibiti ko makarantar kwana inda jama'a za su gani su taɓa ruwan da hannunsu. Magidanci kuwa ba sai ya jira wannan ba: ya fara da marfin tukunya da katangar murhu a wannan makon, ya gwada baƙar jarka da kwandon ƙaiƙayi, idan ya gamsu ya tanadi ɓuntu da ƙaiƙayi lokacin kaka suna araha, ya sa a haɗa masa akwatin a watan Oktoba, kafin sanyi ya sauka kuɗin itace ya hau.